Shitefanka, Uwar Ɗa Ɗaya Da Zinariya Biyu

Wannan mako za mu tafi Turai mu ga wata mace wadda ta shekara kusan talatin tana wasan jirgin ruwa da sunan ƙasarta. Na san wata za ta ce, ina ruwanmu da matar da ke tuƙin jirgi a can wata uwa duniya? To, ki yi haƙuri ki karanta tukuna. Matar nan ta haihu tana da shekara 18, kamar da yawa daga cikinmu, kuma duk abin da ta yi wanda ya sa duniya ta san ta, bayan haihuwar ta yi shi.

Sunanta a rubuce Stepanka Hilgertova, amma a bakin mutanenta ya fi kusa da Shitefanka, haka kuwa za mu riƙa kiranta. An haife ta ran 10 ga Afrilu 1968 a Firag, babban birnin ƙasar da a lokacin a ke kira Cekoslobakiya. 'Yan makaranta ku ɗauko taswirar Turai, ku sa yatsa a kan Jamus, ku ja shi gabas kaɗan, ga ta nan tsakanin Jamus da Folan da Ostiriya. Ba ta da bakin teku ko taku ɗaya, sai koguna da duwatsu. Ran 1 ga Janairu 1993 ƙasar ta rabu biyu cikin lumana, aka sami ƙasar Cek da ƙasar Silobakiya, Firag ta faɗa rabon Cek. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa. Wani abu kuma game da sunan nan: a al'adarsu galibi a kan ƙara wa mace "ova" a ƙarshen sunan gida. Mijinta Hilgert, ita kuwa Hilgertova, kamar dai a ce ta gidan Hilgert.

Labarin ba zai yi muku daɗi ba sai kun san yadda wasan ya ke, saboda haka bari mu fara da shi. Sunansa silalom. Wadda ta taɓa ganin tseren kwalekwale a Argungu kada ta zaci irinsa ne, gama a nan ba a jera jirage a sake su tare. Ɗaya ɗaya a ke shiga, agogo ne abokin tsere. Ruwan kuma ba kwantacce ba ne. Ruwa ne mai gangarowa da ƙarfi tsakanin duwatsu, yana tafasa yana kumfa, irin wanda in ya zo da damina kowace uwa ke hana ɗanta zuwa kusa. A kan ɗaura igiyoyi daga wannan gaɓa zuwa waccan, a ratayo sanduna biyu biyu, suna lilo ba su taɓa ruwa ba. Kowaɗanne sanduna biyu su ne ƙofa guda, a kan yi ƙofa 18 zuwa 25, kowace da lambarta, kuma bi da bi a ke shigarsu. Ƙofar da aka shafa wa kore da fari, a bi ta yadda ruwa ke tafiya. Wadda aka shafa wa ja da fari kuwa, sai an gota ta, a juyo, a hauro ta ana fuskantar ruwa. In mace ta taɓa sanda, ko da jirgi, ko da filafili, ko da kafaɗa, a ƙara mata sakan 2 a kan lokacinta, a da ma sakan 5 ne. In ta tsallake ƙofa ɗungum, sakan 50. A wasan da duka duka bai fi minti biyu zuwa uku ba, wadda aka ƙara wa hamsin ai sai ta tattara nata ya nata.

Jirgin da Shitefanka ke tuƙawa shi a ke kira kayak. Asalinsa na mutanen can ƙuryar arewacin duniya ne, ƙasashen ƙanƙara irin su Girinlan, da shi su ke farauta a teku. Na wasa tsawonsa kamar yadi huɗu ne, nauyinsa kuwa wajen kilo 9, 'yar firamare ma ta saɓa shi a kafaɗa. Mai tuƙi ta kan zauna ciki ta miƙe ƙafafu, ta sa hular kwano da rigar da ke hana nitsewa, sa'an nan ta rufe bakin jirgin da wani abu kamar zanen roba da ke ɗaure a ƙugunta don kada ruwa ya shiga. Filafilinta baki biyu gare shi, ta tsoma dama ta tsoma hagu. In jirgin ya kife, to, ga ta nan kai a ƙasa cikin ruwa, ba ta fita, sai ta yi amfani da filafili da ƙugu ta mirgino ta tashi zaune, ta ci gaba. Agogo kuwa bai tsaya jiranta ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa cikin dokokin shi ne, bayan an rataye ƙofofin gasa ba a yarda mai gasa ta shiga ta gwada su ba. Sai dai ta bi gaɓa da ƙafa, ta duba, ta ga waɗansu da ba su cikin gasar sun bi an nuna musu, ta haddace. Za ku ga mace ta koma gefe ta rufe ido tana kaɗa hannuwa ita kaɗai kamar mai tabuwa, ashe hanyar ta ke bi a zuci. Gama ruwa yana da karatu. A bayan kowane babban dutse ruwa ya kan lafa, har ya juya ya koma baya, a nan a ke yawan rataye jajayen ƙofofi. Wadda ta san haka sai ta jefa hancin jirginta wurin, ruwa da kansa ya juya mata shi. Wadda ba ta sani ba sai ta tsaya kokawa da kogi, ba kuwa mai ƙarfin da ya taɓa kā da kogi. Don haka a wasan nan ido da sani su na iya rama wa mutum abin da shekaru suka rage masa na ƙarfi. Wannan ma ku riƙe shi.

Mutanen Cek sun daɗe da wasan nan, matansu kuma ba a bar su baya ba. Tun a shekarun 1960 suna da wata Ludmila Polesna wadda ta zama zakarar duniya ba sau ɗaya ba. Shitefanka ta taso ta tarad da turba a share, ta shiga tun tana yarinya. Ta auri wani ɗan wasan, Lubosh Hilgert, wanda shi ma ya ciwo wa ƙasarsa lambobi a gasar duniya. A 1986 ta haifi ɗa namiji, aka sa masa sunan ubansa, Lubosh. Su can ba su da kunyar suna irin tamu, sai ta kira ɗaya biyu su amsa.

To, ga yarinya 'yar shekara 18 da goyo. A ko'ina cikin duniya nan ne a ke cewa shi ke nan, ta ajiye. Ita ba ta ajiye ba. A 1988 ta fara fita gasa da sunan ƙasarta. A 1989, yaron bai ko isa shiga makaranta ba, ta je gasar duniya a Amurka, ita da 'yan'uwanta biyu suka sami lambar tagulla a tseren ƙungiya, watau wanda jirage uku na ƙasa guda ke shiga tare, suna bin juna suna kauce wa juna. Ƙarshen wannan shekara ne mulkin kwaminis ya faɗi a ƙasarsu, fita waje ta yi wa mutane sauƙi.

Babbar gasa duka ita ce Olamfik, wadda a ke yi bayan shekara huɗu huɗu. Silalom ya taɓa shiga cikinta sau ɗaya a 1972 a Jamus, sa'an nan aka ajiye shi har shekara ashirin. Da aka komo da shi a 1992, a wasannin Basalona ta ƙasar Sifen, Shitefanka tana da shekara 24, kuma a shekarar ita ce ta zo ta ɗaya a jerin gasannin Kofin Duniya. Ana sa mata rai ƙwarai. Aka yi wasan a wani ƙaramin gari mai suna La Seu d'Urgell, gindin duwatsu. Ta zo ta 12. Ba ko kusa. Wadda ta faɗi jarrabawa ta kan sake baɗi, amma wadda ta faɗi a Olamfik sai ta jira shekara huɗu cur, kuma ba wanda ya yi mata alkawarin za ta sake samun shiga.

Yanzu mun zo inda na ke so mu ɗan zauna.

A watan Yuli 1996 aka yi Olamfik a Atlanta ta Amurka, amma wasan jirgin sai aka kai shi fiye da mil 100 daga birnin, a kogin Ocoee cikin Jihar Tenesi. Kogi ne na ainihi, ba ginanne ba, sai dai an jera duwatsu an matse shi don ruwan ya ƙara fushi. Yawancin kwanaki ma wannan yanki kusan a bushe ya ke, gama an tare ruwan a sama ana karkatad da shi wajen yin lantarki, sai an buɗe madatsa ya ke zubowa. Dokar wannan shekara ita ce, kowace mace za ta bi hanyar sau biyu, a ɗauki tafiyar da ta fi kyau a yi lissafi da ita, ɗayar kuwa a yar.

Aka yi aka gama, alƙalai suka duba takarda. Shitefanka, sakan 169.49. Wata Ba'amurkiya mai suna Dana Chladek, sakan 169.49. Ku sake karantawa, ba kuskuren maɗaba'a ba ne. Agogon nan yana raba sakan guda kashi ɗari, ƙiftawar ido ma ta fi kashi ɗaya tsawo nesa ba kusa ba, amma duk da haka ya kāsa raba matan nan biyu. Minti biyu da sakan arba'in da tara cikin ruwa mai hauka, kowace da hanyar da ta zaɓa, kowace da inda ruwa ya taimake ta da inda ya cuce ta, suka fito daidai wa daida. Abin da ya ƙara wa labarin armashi, ita Dana a Cekoslobakiya aka haife ta, iyayenta suka yi ƙaura zuwa Amurka tana ƙarama. Ga 'yan ƙasa guda biyu, ƙarƙashin tuta biyu, lokaci guda, zinariya kuwa ɗaya ce tak.

Sai aka koma ga doka. Doka ta ce in an yi kunnen doki, a tono tafiyar nan da aka yar, a gwada. Aka tono. Ta Shitefanka ta fi ta Dana kyau. Shi ke nan, zinariya ta tafi Firag, Dana ta karɓi azurfa a gaban mutanenta.

Na sha jin masu cewa sa'a ce kawai. Ni ban yarda ba. In da kuri'a aka jefa, sai mu ce sa'a. Amma abin da aka duba aikin hannunta ne, ita ta yi shi a cikin ruwan nan a wannan rana, lokacin da ba ta san za a neme shi ba. Mu da aka koya wa aikin malanta mun san irin wannan a aji. Yara biyu su kan yi daidai a jarrabawar ƙarshe, gurbi kuwa ɗaya ne, sai shugabar makaranta ta ce a kawo littattafansu na aikin yau da kullum. Ranar nan ne aikin Talatar da aka yi da gyangyaɗi ke tashi ya ba da shaida. Ba na cewa Dana ta yi sakaci, a ruwa irin wannan ƙwararriya ma ta kan gamu da abin da ya fi ƙarfinta, kuma tausayinta na ke ji har yanzu, gama ba ƙaramin abu ba ne a ce ba wadda ta fi ki sauri amma ba ke ce ta ɗaya ba. Sai dai dokar an san ta tun kafin a tsoma jirgi, kuma a ganina doka ce mai adalci. In gwanaye biyu sun yi daidai a ranar kyau, ai sai a tambayi wadda ta fi a ranar da ba ta yi kyau ba.

Kun tuna na ce ƙasar ta rabu a 1993? To, wannan ita ce lambar zinariya ta farko da sabuwar ƙasar Cek ta samu a Olamfik da sunan kanta, kuma mace ce ta kawo ta, uwar yaro ɗan shekara kusan goma. Wadda ta zo ta uku a ranar wata Bafaranshiya ce, Myriam Fox-Jerusalmi, ita ma tana da 'yar shekara biyu mai suna Jessica. Watau cikin mata ukun da aka rataya wa lambobi, ta ɗaya da ta uku duk iyaye ne. Ku ajiye sunan 'yar nan Jessica a gefe, za ta sake fitowa.

Daga nan sai abu ya buɗe. A 1999 aka kai gasar duniya La Seu d'Urgell, wurin nan da ta zo ta 12 shekara bakwai baya, ta koma can ta zama zakarar duniya. A 2000 aka tafi Sidini ta Ostareliya. Can ba kogi ba ne, magudana ce aka gina da siminti a wani gari Penrith, injuna ke ɗaga ruwa su sako shi, har da wani bel mai tafiya da ke maida mutum sama yana zaune cikin jirginsa. An kuma sāke doka, yanzu ba a yar da kome, tafiya biyun a ke haɗawa a yi jimla, sai ka ce don ita aka yi. Ta sake cinye zinariya tana da shekara 32, Faransawa biyu suna biye da ita. A 2003 ta ƙara zama zakarar duniya a Augsburg ta Jamus.

Kada fa in ba ku labarin kamar ita kaɗai ta yi. Mai horad da ita duk tsawon shekarun nan mijinta ne. Aikin mai horarwa kuwa ba na zama a inuwa ba ne, a gaɓa ya ke wuni, shi ne idonta na waje, shi ke gaya mata inda ta yi asarar rabin sakan, kuma shi ke faɗa mata gaskiyar da ba ta son ji. Ku tuna ƙasarsu ƙasar sanyi ce, da hunturu ruwa har daskarewa ya ke yi, horo kuwa ba ya jiran bazara, ba a fafe gora ranar tafiya. Na san waɗansu mazan su kan saci karanta filin nan in uwargida ta ajiye jarida, to, ga naku. Mutumin nan shi ma gwani ne, an san sunansa kafin a san nata, amma da ya ga abin da ke hannun matarsa ya fi nasa, bai yi kishi ba, ya tsaya bayanta. Ban da miji kuma akwai gari. A cikin Firag kanta, a unguwar Troja, gefen kogin Vltava, akwai magudanar da aka gina musamman domin wasan nan, saboda haka uwa tana iya zuwa horo ta komo gida ta kwana da ɗanta. Don haka in an ce mana ga wata ta yi, me ya hana ku, muna da damar mu amsa mu ce, a ba mu irin abin da aka ba ta tukuna. Amma mu ma kada mu ɓoye bayan wannan amsa, gama an ba mata da yawa irin wannan dama a ƙasar tasu, ba duka suka zama Shitefanka ba.

Saura rabin labarin da ba a cika bayarwa ba, ni kuwa ya fi burge ni. Bayan Sidini ta ƙara zuwa Olamfik har sau uku, ba ta ƙara samun lamba ba ko ɗaya. A 2004 a Atina ta zo ta 5. A 2008 a Bejin, tana da shekara 40, ita aka ba tutar ƙasa ta riƙe a gaban 'yan wasan Cek ranar buɗe taro, ga shi a shekarar ta ci gasar Turai, amma a ruwa ta ƙare ta 9. Duk sau biyun wata Elena Kaliska ta Silobakiya ce ta cinye, wadda da ƙasar ba ta rabu ba da tutarsu ɗaya.

A nan mutane su kan rabu biyu. Waɗansu su ce da ta sani ta ajiye filafili tun a 2000, a riƙa tunawa da ita tana bisa, ta kuma ba yara wuri. Maganar tana da daɗin ji, amma ku duba yadda a ke samun wurin. Daga 2008 jirgi ɗaya tak a ke yarda kowace ƙasa ta kawo a wannan wasa na mata. Wurin kuwa ba gado ba ne, ba a kuma ba da shi don girman furfura. Gwaji a ke yi a gida, wadda ta fi ita ke tafiya. In mace mai shekara 40 ta tafi, to, ta kā da 'yan ashirin ne a gaban agogo. Wace yarinya aka tare wa hanya? Wadda ke son wurin ai ga ruwa nan. A ganina ma alheri ta yi musu, gama yarinyar da ta tashi tana gwada kanta da mai zinariya biyu kowace safiya, ba ta jin tsoron kowa in ta fita waje. Game da a tuna da ita tana bisa kuwa, wannan damuwar 'yan kallo ce. Ita aikin ta ke so, ba hoton ba.

Sai 2012, a Landan, zuwanta na shida. Shekararta 44, ɗanta Lubosh ya zama saurayi har shi ma yana tuƙa wa ƙasar Cek jirgi. Ta tsallake zagayen farko, ta tsallake na biyu, ta shiga cikin goman ƙarshe. Cikin goman nan akwai wata yarinya 'yar shekara 18 da ta zo da tutar Ostareliya. Sunanta Jessica Fox. Ita ce 'yar nan mai shekara biyu da muka ajiye a gefe, iyayenta sun koma Ostareliya da zama, ta girma a Penrith, bakin magudanar da Shitefanka ta ci zinariyarta ta biyu. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ga uwa gwana, uban ma, Richard Fox na Ingila, ya zama zakaran duniya sau da dama. Aka yi tsere. Emilie Fer ta Faransa ta ɗaya, Jessica ta biyu, Maialen Chourraut ta Sifen ta uku. Shitefanka ta huɗu, tsakaninta da lamba bai kai sakan 3 ba.

'Yan wasa su kan ce ba matsayi mai ciwo kamar na huɗu, gama wadda ta zo ta goma ta san ba ta kusa, ta huɗu kuwa tana jin ƙanshin miya ba ta sha ba. Haka ne. Amma ku auna da kyau. Matar nan ta tsere wa uwa a 1996, ta zauna cikin jirgi shekara goma sha shida har 'yar ta girma ta zo ta same ta a fili, kuma duk duniya mata uku kaɗai suka fi ta a ranar. Ga amfanin karatun ruwan da na faɗa muku. Hannu ya rage ƙarfi, ba shakka, amma ba wani juyi da ruwa zai yi wanda ba ta taɓa gani ba. Ni dai in aka ce in zaɓi ɗaya tsakanin zinariyar Sidini da ta huɗun Landan in nuna wa 'yan ajina, ta huɗun zan ɗauka.

Ba ta tsaya nan ba. A watan Yuni 2013 ambaliya ta shanye unguwar Troja, aka gyara, a watan Satumba aka yi gasar duniya a nan gida, ita da 'yan'uwanta biyu suka ci zinariyar ƙungiya a gaban mutanen garinsu. A 2015 suka sake ci a Landan, tana da shekara 47. Cikin abokan tafiyarta akwai Katerina Kudejova, wadda aka haifa a 1990, watau ɗan Shitefanka ma ya girme ta. Ita Katerina ce ta zama zakarar duniya a wannan shekara, ita ce kuma ta karɓe gurbin nan guda ɗaya na zuwa Olamfik ta 2016 a Birazil. Yadda Shitefanka ta riƙa samun wurin, haka aka karɓe shi daga hannunta, a ruwa, gaban agogo. A 2017 ta yi sallama da gasar ƙasashe. In an tara abin da ta samu a gasar duniya kaɗai, ban da Olamfik da gasar Turai, lamba 14 ne, 7 daga ciki zinariya, biyu nata na kanta, biyar na ƙungiya.

Sunan gidan bai fita daga ruwa ba, gama a 2019 wata Amalie Hilgertova, 'yar ɗan'uwan mijinta, ta ci gasar Turai a irin wannan jirgi. Jessica kuwa, wadda ta sami azurfa tun tana 18, kowa ya zaci zinariyar kayak tana bakin ƙofa. Ta je 2016 ta komo da tagulla. Ta je Tokiyo a 2021, ta ci zinariya a wani irin jirgin dabam wanda a ke tuƙawa a durƙushe, amma a kayak tagulla ta sake samu. Sai a 2024, a Faris, tana da shekara 30, ta sami zinariyar kayak ɗin, bayan shekara goma sha biyu tana nema. Mai horad da ita kuwa uwarta ce, Myriam, wadda ta tsaya gefen Shitefanka aka rataya mata tagulla a bakin kogin Ocoee.

Sai mako mai zuwa.